Haɓar mota na gugar siminti a bakin ƙofa: a ɗaga motar ne ko a fasa hawan?

Tambayar ta fito daga wani bawan Allah da ke zaune a unguwar Bobiyel, nan Yamai. Ya sayi Ford Mustang ƙirar 2017, ta iso lafiya, amma duk sanda zai shiga gida sai haɓarta ta gogi siminti, har robar ƙasan bamba ta fara tsagewa. Daɓen tsakar gidansa ya ɗara titi da santimita 60, hawan da aka yi masa daga titi zuwa bakin ƙofa kuma mita 2 da rabi ne. Bakanike ya ce a ɗaga motar. Magini ya ce a ƙara siminti a gindin hawan. Abokai sun ce ya riƙa shiga da baya. Yana son ya san wacce zai bi.

Ƙanena, da farko Allah ya sanya albarka a abin hawan, ya tsare ka daga tsautsayin hanya. Aikin daɓe da hanyoyin ruwa nake yi a garin nan shekaru da dama, kuma irin ƙofar nan taka na auna ta ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba. Waɗanda suka ba ka shawara kowa ya faɗi abin da ya sani ta fannin sana'arsa, sai dai babu wanda ya durƙusa ya auna. Da an auna, da an ga cewa wuri ɗaya ne ke cin haɓar motarka: gwiwar nan ta gindin hawa, inda shimfiɗaɗɗen titi ya karye ya zama tudu farat ɗaya.

Tsayin tudu ba ya damun mota. Wannan motar taka za ta hau tudun da ya ninka na ƙofarka sau goma ba ta taɓa ƙasa ba, muddin tudun ya fara a hankali. Tayoyin gaba ne ke ɗaga hancin mota, amma hancin ne ke riga su isa. Kafin taya ta taka hawan, haɓa ta riga ta shige kansa da kusan mita guda, tana nan a tsayinta na kan titi, siminti kuwa yana tasowa a ƙarƙashinta. In ya taso ya kai tsayinta kafin taya ta fara ɗaga ta, sai ka ji ƙarar nan da ke tsinka maka zuciya. Shi ya sa adadin da ake rubutawa a takardun mota, na tazarar cikinta da ƙasa, ba ya gaya maka komai game da ƙofarka. Toyota GT86 da ta fito a 2012 santi 13 aka rubuta mata, kuma ƙananan motocin da ke yawo a gari ba su ɗara ta da wani abin kirki ba, amma su suna shiga inda ita ba ta shiga, saboda haɓarsu ta fi tashi sama. Hilux da Land Cruiser kuwa haɓarsu na can sama, kusa da taya. Maginanmu da su suke auna hawa a ransu, shi ya sa ba su saba jin ƙorafi ba.

Ga awon da za ka yi, ba ya cin rabin awa. Ka ajiye motar a wuri mai lebur, wani mai nauyinka ya zauna a kujerar direba. Ka auna daga ƙasa zuwa wurin da ya fi kowane sauka a haɓar, sannan ka auna daga inda tayar gaba ta taɓa ƙasa zuwa daidai ƙarƙashin wannan wurin. Tunda ba ka turo waɗannan biyun ba, bari mu ɗauka na farko santi 12 ne, na biyu santi 85, wanda bai yi nisa da abin da ake samu a irin waɗannan motoci ba. Hawanka yana tashi santi 60 cikin mita 2 da rabi, wato santi 24 a kowace mita. Cikin santi 85 ɗin da haɓa ke shigewa kafin taya, siminti ya tashi sama da santi 20. Haɓa tana 12, siminti yana 20. Giɓin ya haura santi 8, kuma da wannan adadin za mu auna kowace shawara da aka ba ka. In ka juya lissafin, ka raba 12 da 85, za ka ga motar ba ta iya ɗaukar gwiwar da ta wuce santi 14 a mita, ko da babu birki, babu kaya, babu fasinja.

Ka duba titin ma kafin ka tashi. Yawancin titunanmu suna gangarowa kaɗan zuwa bakin katanga, ko ruwa ya zaizaye ƙasar da ke gindin siminti ya bar ɗan kwari. In haka ne, motar tana isowa da hancinta a sunkuye, sai wannan gangaren ya haɗu da na hawan. Santi 3 a mita daga titi ya mayar da 24 ɗinka 27. Wannan ne dalilin da ya sa wasu ke cewa da rani motar na shiga, amma bayan ruwan Agusta ta fara guga.

Akwai wuri na biyu da ba ka ambata ba, amma ina kyautata zaton shi ma yana taɓawa ko yana gab da taɓawa, shi ne tozon sama, inda hawan ya ƙare ya koma daɓe. A nan tumbin motar ne ke cikin haɗari, lokacin da tayoyin gaba suka shiga gida na baya kuma suna kan gangare. Tsakanin tayar gaba da ta baya a Mustang ta 2015 zuwa 2023 mita 2 da santi 72 ne. Lissafinsa mai sauƙi ne: ka ɗauki wannan tsawon, ka ninka shi da tashin hawan, ka raba huɗu. Da santi 24 a mita, tozon yana buƙatar tazarar santi 16 a tsakiyar motar. Ka leƙa da tocila ka duba salansa da ƙarfen da ke gicciye a ƙasa; in ka ga inda ya yi fari ƙal kamar an goge shi da takardar yashi, amsar ke nan.

Yanzu shawarar abokanka. Shiga da baya yana da amfani na gaske, amma a ɗan gajeren tudu, kamar dakalin bakin titi mai santi 15. A can, in tayoyin baya sun hau, motar ta ɗan sunkuya kaɗan ne, hancin bai kai ƙasa ba. A hawa mai tsawo irin naka labarin ya bambanta. Lokacin da tayoyin gaba suka iso gindin hawan, na baya sun riga sun kai sama, santi 60 bisa titi. Motar gaba ɗaya ta karkata da kusan santi 22 a mita, hancin ya sauka kusan santi 19, haɓa kuma 12 take da shi. Za ta gogi titi maimakon siminti, shi ke nan bambancin. Ga kuma bakin salansa da zai fara cin karo da hawan tun kafin a je nan. Ka bar wannan.

Abin da ya kamata su gaya maka shi ne shiga a karkace. Wannan dabara ce ta gaskiya, kuma ita za ka riƙa yi daga yau har a gyara. Wanda ya taɓa hawan tudun rairayi da ƙafa ya san in ya bi ta gicciye tudun ya fi sauƙi. Mota ma haka: in ka nufi hawan a karkace rabi da rabi, tsakanin miƙe da gicciye, santi 24 ɗin nan ya koma kamar 17 a hanyar da motar ke bi. Ban da haka, taya ɗaya ce ke fara hawa ta ɗaga kusurwarta, kuma kusurwar bamba ta fi tsakiyarta kusa da taya tunda a lanƙwashe take. Ka buɗe sosai zuwa ɗaya gefen titin, ka nufi ƙofar a karkace, ka bar tayar farko ta hau, ta biyu ta biyo, sai ka fara miƙar da sitiyari. Kada ka miƙar da wuri. Gudun kuwa ya zama na mai tafiya a ƙasa yana jan tsoho, kuma ƙafarka ta bar birki kafin gwiwar. Taka birki yana tura nauyi gaba, sifirin ya danne, haɓa ta sauka santi ɗaya ko biyu a daidai lokacin da kake neman su. In akwai mutane a ciki, su sauka su shiga da ƙafa. In mai giyar hannu ce, kada ka tsaya tsakiyar hawa kana riƙe ta da kuloci, zai ƙone. Ka ja birkin hannu ka sake tashi.

Sai dai 17 har yanzu ya fi 14, kuma ƙofar gida mai faɗin mita 3 ba ta ba mota mai faɗin kusan mita 2 wurin karkacewa sosai. Gugar za ta ragu, watakila wata rana ta ɓace, wata rana ta dawo. Akwai kuma abin lura ɗaya: Mustang da tayoyin baya take turi, in ta hau a karkace nauyi yana raguwa a kan ɗayarsu, rairayin da iska ke tarawa a kan siminti kuma ya isa ya sa ta murza. Mutum ya ƙara wuta, motar ta zabura ta nufi ginshiƙin ƙofa. A share hawan kullum, musamman lokacin hunturu da ƙura ke sauka.

Shawarar bakanike ita ce ta fi damuna, domin ita ce aka fi saurin bi. A garejojinmu an saba sa wa motocin da suka zo daga Turai da Amurka abin tokare a kan sifirin don su tashi su iya da ramukan gari, kuma a ƙaramar motar kai yara makaranta ba na musun amfaninsa. A wannan motar, santi 2 ko 3 ne iyakar abin da za a ƙara ba a ɓata tafiyarta ba, giɓinka kuwa ya haura 8. In aka ɗaga ta santi 8, kusurwar da ƙafafunta ke aiki a kai ta canza, tayoyi su riƙa cinyewa ta gefe ɗaya, ta riƙa tangaɗi a kwana, mota mai ƙarfin inji irin wannan kuma ba a wasa da zamanta a kan hanya. Ka biya kuɗi mai yawa don ta zauna daram in ka ɗauki hanyar Doso ko Tilaberi, bai dace ka sayar da wannan don mita 2 da rabi na ƙofa ba.

Abin da nake so bakaniken ya yi maka shi ne ya mayar da motar tsayinta na asali in ta rasa shi. Yawancin irin waɗannan motoci na hannu ne, kuma a can inda suka fito masu su na son sa musu gajeren sifirin don su ƙara kwanciya. Ya duba, in an canza, a nemo na asali, nan kaɗai kana iya samun santi 2 ko 3 ba ka ɓata komai ba. Ya duba amortisa, domin in sun mutu motar na yin lilo ta dunguri ƙasa ko a ƙaramin tudu. Iskar taya ta zama daidai da abin da aka rubuta a takardar da ke manne a jikin ƙofar direba. Ana iya sa taya mai ɗan tsayin gefe: misali daga 235/50 zuwa 235/55 a kan rim 18, motar ta tashi kusan santi 1 da ɗigo 2, sai dai agogon gudu zai riƙa nuna ƙasa da gaskiya da kamar kashi 3 cikin 100, kuma dole a juya sitiyari har ƙarshe a ga ba ta gugar jiki. Duk abin da aka taɓa a ƙafafu, a sake saita su bayan an gama.

Wani zai ce maka a kwance robar ƙasan a yar, a huta. In wani leɓen ado ne mai motar na farko ya ƙara, cire shi ba laifi, har ma ya kamata. Amma robar asali da ke ƙarƙashin hanci aiki take yi: tana tilasta wa iska bi ta cikin lagireto maimakon ta sulale ta ƙasa, tana kuma tsare shi daga tsakuwa. A garin da zafi ke haura digiri 40 a Afrilu da Mayu, ga na'urar sanyi a kunne, ga cunkoson hanyar Babbar Kasuwa, ba na ba ka shawarar rage wa injin ko kaɗan daga iskarsa. In ta tsage a ɗinke ta ko a sauya. Gara ita ta riƙa shan gugar da abin da ke bayanta ya sha. Kuma duk ranar da ka ji an daki ƙarfe, ba roba ba, ka tsaya ka leƙa. In ka ga mai na ɗiga daga kaskon man inji, ko jar fitilar mai ta kama, ka kashe injin nan take, ko da a tsakiyar ƙofa kake.

Masu ƙera motocin nan sun san matsalar. Porsche 911 ana iya sayenta da na'urar da ke ɗaga hanci kusan santi 4 in an danna maɓalli, Corvette da ta fito a 2020 ma tana da irinta, har tana iya riƙe wurare 1,000 a ƙwaƙwalwarta ta ɗaga da kanta in ta iso su. Ka lura da adadin, santi 4. Ko su ba su yi alkawarin 8 ba. Wannan kaɗai ya isa ya nuna maka cewa gyaran ba a jikin mota yake ba.

Magini shi ya fi kusa da gaskiya, don ya nuna gwiwar. Kuskurensa a girman aikin ne. Abin da yake nufi na sani: ya kwaɓa buhu ɗaya ko biyu ya shafa a gindin hawan, tsawon rabin mita, ya sulɓe shi. Amfanin wannan kaɗan ne ƙwarai, ga dalili. Hancin mota ba ya kallon sama sai gwargwadon yadda tayoyin gaba suka ɗara na baya. In ka yi sassauci, wato sashen hawa mai tashi a hankali, na mita ɗaya mai tashin santi 8, tayar gaba ta hau 8, ta baya tana titi, abin da haɓa ta ƙaru da shi daga karkatar motar bai wuce santi 2 da rabi ba, sai ga tsohon tudun ya sake tarar ta. Sassauci ba ya aiki sai tsawonsa ya kusanci tazarar da ke tsakanin tayoyi. Ƙa'idar wuraren ajiye motoci ta ƙasar Ostireliya, ta 2004, ta tsaya a kan wannan: in gwiwar gindi ta wuce santi 15 a mita, ko tozon sama ya wuce 12 da rabi, sai an sa sassauci a tsakani, kuma tsawon da ta ambata mita 2 ne. Wannan ma don motocin yau da kullum aka rubuta shi, taka ta fi su buƙata.

To ina za a samo tsawon? Ba a titi ba. Na taɓa zuwa wani gida a Kwara Kano inda aka zuba siminti har cikin kwata don a tsawaita hawa. Motar ta shiga lafiya, ruwan farko da aka yi kuwa ya rasa hanya ya juya ya cika zauren maƙwabci, aka yi ta sulhu, daga baya aka fasa aikin gaba ɗaya. Titi na jama'a ne, kwata ta unguwa ce, ma'aikatar magajin gari kuma tana da ikon sa ka rushe abin da ka gina a kai. In akwai kwata a gabanka, a rufe ta da murfin kankare ko ragar ƙarfe mai ƙarfi da ake iya ɗagawa a yashe, ruwa ya wuce ta ƙasa.

Tsawon yana cikin gidanka. Na san abin da ya faɗo maka a rai da ka karanta wannan, domin duk wanda na gaya wa haka sai ya ce, ai saboda ruwa na ɗaga ƙofar. Gaskiyarka. Wanda ya ga daminar 2020 da ta 2024 a ƙasar nan ba zai yarda a taɓa masa tudun ƙofa da wasa ba, kuma a unguwannin da babu magudana titi ne ke zama ƙorama cikin minti kaɗan. Amma ruwa ba ruwansa da inda ƙofa take, tsayi kawai yake nema. In daɓen tsakar gidanka ya ci gaba da zama santi 60 bisa titi, sai ruwa ya tashi santi 60 kafin ya shiga, ko tozon yana bakin ƙofa ko yana mita 2 daga ciki. Abin da za a yi shi ne a yanka hawan ya shige cikin gida kamar kwari mai faɗin ƙofa, a gina masa gajeren bango dama da hagu, a shafe su da kyau har tsayin daɓe. Ruwan titi in ya cika zai leƙo cikin kwarin, ya tsaya, ya koma in ya janye. Ruwan da ya sauka a kansa daga sama kuma waje zai gangara da kansa.

Ga fasalin da zan zana maka da adadin da muka ɗauka. Daga titi, mita 2 na farko su tashi santi 10 a kowace mita, jimla 20. Sauran santi 40 a hau su da santi 15 a mita, wanda zai ci kusan mita 2 da santi 70. Tsawon duka ya zama mita 4 da santi 70: mita 2 da rabi da kake da su a waje, da mita 2 da santi 20 a ciki. A gindin hawan siminti zai tashi santi 8 da rabi ƙarƙashin haɓa mai 12, saura 3 da rabi. A tozon sama ana buƙatar santi 10 kawai, kuma in an ɗan zagaye bakinsa ya fi haka sauƙi. In kana da fili ka yi mita 6 duka da santi 10 a mita, ya fi, ko baƙo ya zo da motar da ta fi taka kwanciya zai shiga. Da wannan fasalin ka riƙa shiga da gaba kana fita da baya, domin in ka fito da hanci tazarar tana raguwa zuwa ƙasa da santi 2 da rabi, ga birkin da dole ka taka a gangare. Fita da baya kuwa a sa wani ya tsaya a titi ya duba maka yara da masu babur.

Bakin ƙofar zai sauka da santi 32 ko kusa da haka, kuma wannan yana jawo ayyuka uku da ya kamata ka sani tun kafin a ɗaga guduma. Mai walda zai ƙara wa ƙyauren tsawo ta ƙasa. In ƙyauren ciki yake buɗewa, zai ci karo da hawan da ke tasowa, don haka sai a mayar da shi mai turawa gefe a kan dogo, dogon kuma a shimfiɗa shi lebur a nutse cikin siminti don kada ya zama wani sabon tudu. Na uku shi ne tushen ginshiƙan ƙofa da abin da ke binne a wurin. A gidaje da yawa bututun ruwan famfo da wayar lantarki ta nan suke shiga, kuma ba su da zurfi. A tona da hannu a hankali a gano su, a duba zurfin tushen ginshiƙan. In yankan zai kai ƙasansu, sai an ƙarfafa su tukuna.

Kafin a zuba kankare, ka sa kafinta ya yi maka abu ɗaya da na fi yarda da shi fiye da kowane lissafi. A sayo dogon katako miƙaƙƙe a kasuwar Katako, a kafa masa ƙafafu biyu da tazarar mita 2 da santi 72, tsayin ƙafafun daidai da tazarar tumbin motar, a bar masa hanci da wutsiya daidai awon da ka yi, a manna guntun katako a hancin ya sauko zuwa tsayin haɓa, a ƙara masa santi 2 na kariya. Wannan ita ce motarka ta katako. In an gama daddale ƙasa an ja igiya, mutum biyu su ja ta daga titi har cikin gida, su juya ta su sake saukowa. Duk inda ta taɓa, a gyara ƙasar tun tana ƙasa. Tsayin kowace mita kuma a ɗauke shi da tiyon ruwan nan da magina ke daidaita gini da shi, a buga turaku a yi alama, kada a bar wa ido. Ka tsaya a wurin da kanka ranar, domin hannun magini ya saba da tsohon fasali, in ba ka nan zai koma gare shi da kyakkyawar niyya.

Kankaren ya kai kaurin santi 12 zuwa 15, da ragar rodi a tsakiyarsa ba a kwance a ƙasa ba, buhu 7 na siminti ga kowace mita kubik ta kankare (wato mita ɗaya tsawo, mita ɗaya faɗi, mita ɗaya zurfi), tsakuwa wankakkiya, yashi marar laka. Gindin hawan, inda ya haɗu da jar ƙasar titi, a nutsa masa haƙori na kankare cikin ƙasa kamar santi 30, don in ruwa ya zaizaye titin kada ya rarake ƙarƙashinsa, kuma bakin ya tashi daidai da titi ba tare da ɗan mataki ba. Kada a sa tayil, duk kyansa. Da ruwa ko rairayi santsinsa ya isa ya kai mota ga katanga. A ja tsintsiya a gicciye a kan ɗanyen siminti ya yi kaushi. A rufe shi da buhunan algarara ko tabarmi a riƙa jiƙawa safe da yamma har kwana 7, domin ranar Yamai tana shanye ruwan kankare kafin ya kama, sai ya yi ta tsagewa. Ƙarfinsa ba ya cika sai kwana 28, amma in ya samu ruwa yadda ya kamata ƙaramar mota na iya hawa bayan kwana 10 zuwa sati 2. Ka nemi inda motar za ta kwana a wannan tsakanin tun kafin a fasa, kuma ka sa aikin bayan damina ta ɗauke, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, lokacin da ƙofar za ta iya zama a tone ba tare da fargabar hadari ba.

In gidan na haya ne, ko mai gida bai yarda a fasa ba, mai walda zai iya ƙera maka gadoji biyu na ƙarfe masu faɗin taya, tsawon mita 2 ko fiye, da za su tashi daga titi su sauka a tsakiyar hawan su cike gwiwar. A yi musu ƙugiya da za ta kama siminti don kada taya ta harba su, a ɗauke su da zarar motar ta shiga. Suna da nauyi, kuma ba su magance tozon sama, don haka ka fara jan motar katakon a kansu kafin ka biya. Ka turo mini tsayin haɓar, nisanta da taya, tazarar tumbin da faɗin ƙofar in ka auna, zan sake maka lissafin da adadinka na gaskiya.